Liƙin Ciyaman

A shekarar da tallafin gwamnati ya yanke mini, ina tsakiyar rubuta kundin digirina na uku, jami'armu da ke Lembah Pantai a Kuala Lumpur ta sa ni cikin waɗanda wasu attajiran ƙasar za su ɗauki nauyin shekararsu ta ƙarshe. Na gode wa Allah, na gode musu, kuma har yau ban fasa ba. Ashe godiyar ma tana da rana da wuri da kayan da ake sawa. Sai ga katin gayyata, wai za a yi kiɗan jaz a babban zauren jami'a don karrama masu bayarwa da masu karɓa, kowa ya zo da iyalinsa, mu 'yan ƙasashen waje kuma mu sa kayan gargajiya. Ina karanta wannan layin na ƙarshe na gane ado ake so a yi da mu.

Mu biyu ne Hausawa a cikin waɗanda aka zaɓa, ni da maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa a benen da muke haya. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban Arewa na unguwar, don haka kowa Ciyaman yake ce masa, har 'ya'yansa. Malamin kwalejin ilimi ne a gida, ya haura arba'in, kuma ban taɓa ganin mutum mai ji da muƙamin da bai taka kara ya karya ba kamarsa. Ƙungiyar da duk taronta ba ya cika falo, amma in kika yi magana ba ki ɗaga hannu ba sai ya buga tebur. Ko shayi zai sha a shagon masu shayi da ake ce wa mamak da ke ƙasan bene sai ya kafa hula ya feshe jiki da turare. Matarsa kuwa, wadda muke kira Anti, baiwar Allah ce mai shiru, tana yin dambun nama tana sayar wa ɗalibai, kuma ban taɓa jin ta musa masa ba ko da ya ce rana daga yamma take fitowa.

Ciyaman ya karanta katin nan, ya fassara shi yadda ransa yake so. A wurinmu dai an san in aka ce an shirya kiɗa dominka, to makaɗi zai kama sunanka, ya haɗa da na mahaifinka, ya faɗi garinku, kai kuma ka miƙe ka yi masa liƙi. Shi ke nan, sai mutumin ya zauna a kan cewa za a wasa shi a Kuala Lumpur. Maigidana ya nemo mana irin kiɗan a waya, muka gani, mutane ne zaune suna busa, ba mai waƙa ko ɗaya. Na kai wa Ciyaman wayar har ƙofa na nuna masa. Ya kalla da gefen ido, ya ce wancan na Turawa ne, wannan kuwa an rubuta karramawa ɓaro-ɓaro.

"Malama, ki bar wannan magana," in ji shi. "Kiɗa kiɗa ne a ko'ina. Ba a haifi makaɗin da zai ga sabon kuɗi ya yi shiru ba."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma ɗakina.

Da a kansa kaɗai abin zai ƙare, wallahi da ko a jikina. Amma a ranar ya buga wa mahaifiyarsa waya ya yi mata alkawari. Anti ce ta ba ni labarin Inna muna tsinke nama a kicin ɗinta. Tsohuwa ce a wani ƙaramin gari, mijinta ya rasu da daɗewa, tela ne da ya yi rayuwarsa ya gama ba wanda ya taɓa ambatarsa a bainar jama'a. Ciyaman ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, kamar yadda ba ta taɓa faɗin na mijinta ba. Shekara da shekaru tana zuwa bukukuwan mutane tana jin ana kiran 'ya'yan wasu, wane ɗan wane, mai mota, mai shago, mai kujera, ita kuwa in aka tambayi nata sai ta ce yana makaranta. Matan unguwa har sun mai da abin tsokana, wai mutum da furfura har yanzu yana ɗaukar jakar boko. Yanzu ga shi ya ce mata makaɗan wata ƙasa za su kira sunansa da na mahaifinsa a gaban manya, kuma za ta ji da kunnenta ta kiran bidiyo. Inna ta aika gida-gida ta gayyaci matan nan, ta ce kowa ta zo ranar Asabar da hantsi, wanda shi ne la'asar a wurinmu. Ta aro wayar matar maƙwabcinta, ta sa aka share tsakar gida, aka tanadi fura.

Na ce wa Anti ta yi masa magana. Ta ɗaga kai ta dube ni kamar na ce ta ɗauki benen ta mayar da shi Kano, ta ci gaba da tsinkar namanta.

Shiri kuwa an yi shi kamar na biki. Ciyaman ya kira taron gaggawa ya ba da umarnin matan ƙungiya su yi anko. Da aka ga babu telan da zai ɗinka kafin ranar, aka tsaya a kan gyale iri ɗaya, muka sha zafin rana a layin Masjid India muna shiga shago muna fita har aka samu ruwan toka mai yawan da zai ishe mu. Shi kuma ya kai babbar rigarsa ta shadda wajen masu wanki ya tsaya a kansu, yana nuna wa mutumin da bai taɓa ganin babbar riga ba yadda ake ninke hannu. Ya je banki ya canjo sababbin kuɗi. Ƙananan takardun ringit, kuɗin ƙasar, na roba ne, masu santsi da sheƙi, ya baje su a kan tebur yana ta yaba kyansu.

Maigidana, da yake Allah ya ba shi hankali, ya ce shi zai zauna da yara.

An ce mu masu karɓa mu hallara tun bayan azahar, alhali ba za a fara ba sai bayan la'asar. Dalili kuwa gwaji. Wata ma'aikaciyar ofishin tallafi, mai ɗankwali shuɗi da murmushin aiki, ta jera mu a gefen zaure, ta maƙala wa kowa fure a ƙirji, ta shiga koya mana yadda ake tashi tsaye. Ni da nake shirin kare kundi a gaban farfesoshi, ga ni ana koya mini miƙewa da zama da ɗaga hannu. In wani ya riga tashi sai a ce a sake. Ta ja mana kunne kada mu je wa attajiri da magana sai shi ya fara, in ya tambaya kuma mu ce tallafinsa ya canza mana rayuwa. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba kayanmu. Wani ɗan Indonesiya da ya zo da kwat ta ce ina ma ya sa na gida. Da ta zo kan Ciyaman sai ta tafa hannu don murna, ta matso da shi bakin layi inda masu hoto za su fi ganinsa. Shi kuma ya ɗauka girma ne, ya waiwayo ya dube ni yana gyara wuyan riga.

Makaɗan suna kan dandamali suna gwada kayansu. Ciyaman ya tambayi wane ne sarkin kiɗan, aka nuna masa wani dattijo ɗan asalin Sin mai farin gashi. Ya hau ya same shi. Ina hangensu, ya dafa ƙirji ya faɗi sunansa, ya faɗi na mahaifinsa, ya faɗi garinsu, ya maimaita a hankali yana ɗaga yatsa. Dattijon ya yi dariya, ya miƙa masa hannu, shi ma ya faɗi nasa sunan, ya ce ya ji daɗin haɗuwa da shi. Ciyaman ya sauko yana taku ɗaiɗai ya ce mana an gama magana.

Iyalai aka zaunar a bayanmu, sai ya zama Anti tana daidai bayan kujerata, matan ƙungiya da gyalensu ruwan toka sun cika layin. Ta kira gida, ta sa abin ji ɗaya a kunnenta ta miƙo mini ɗayan ta kafaɗata. Na leƙa wayar na ga Inna a kan tabarma, ta sa farin mayafi, mata sun kewaye ta, zakara yana cara a bayansu. Na gaishe ta, ta sa mini albarka, ta tambaya ko an fara.

Ba a fara ba, domin attajiran ba su iso ba. Da suka iso aka ce mu miƙe, muka miƙe yadda aka koya mana. Suka shigo da matansu suna tafiyar ƙasaita, aka kai su kujerun gaba masu laushi. Sanƙiran taron, wani mai kwat da murya kamar ta gidan rediyo, ya shiga jero laƙabobinsu, kuma mutanen ƙasar nan ba su da wasa da laƙabi, na mutum ɗaya sai numfashi ya ƙare ba a kai ga sunansa ba. Aka yi jawabai a kan karamci da kishin ilimi. Duk wanda ya hau sai ya nuno gefenmu da hannu, attajiran su waiwayo su kalle mu suna gyaɗa kai, irin kallon da manomi yake yi wa rumbunsa.

Sannan aka yaye labule. Mutum wajen ashirin, duk cikin baƙar kwat, an jera su hawa-hawa. Ga masu begila, ga masu wani ƙaho da ake ja ana turawa, ga masu wani mai lanƙwasa kamar lofe, ga fiyano, ga wani ƙaton goge da aka tsayar a ƙasa ana tsinkarsa da yatsa, ga mai ganguna a baya. Kowa da takarda a gabansa yana leƙawa kamar mai zana jarrabawa. Dattijon ya kaɗa hannu, suka kece da busa gaba ɗaya har na ji a haƙorana. Ni dai badujalar 'yan sanda na ji, sai dai wannan ba ta san inda za ta ba. Wannan ya miƙe ya busa nasa ya zauna, a tafa. Wancan ya miƙe ya busa abin da bai yi kama da na farko ba, a tafa. Babu baiti, babu amshi, babu wanda ya taka rawa. Mutane sun zauna ƙiƙam cikin sanyin esi suna kaɗa ƙafa a ɓoye. Mai gangunan nan dai yana da hannu, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma duk sanda ya fara ɗaukar zafi sai masu ƙaho su danne shi. Wani daga cikin attajiran da ake yi dominsu tun a kiɗa na biyu ya sunkuyar da kai ya kama barci.

Kafin kowane kiɗa sanƙira zai fito ya ce wannan sadaukarwa ce ga wane, ya sake zuba laƙabobi, attajirin ya ɗan ɗaga daga kujera a tafa masa. Inna a kunnena tana tambayar wa aka kira. Anti ta raɗa mata cewa manya ake fara yi. Inna ta ce haka ne, ai da manya ake farawa, ta juya ta gaya wa matan. Aka yi na gaba, ta sake tambaya, aka ba ta amsar ɗazu. Ina jin wata daga cikin matan tana cewa ita fa har yanzu ba ta ji an buɗe baki ba, ko makaɗan bebaye ne. Aka yi dariya. Inna ta ce su yi haƙuri, kowace ƙasa da yadda take yin nata.

Can sai ga lokacinmu. Sanƙira ya ce yanzu kuma ga waɗanda wannan alheri ya sauka a kansu, ɗalibanmu daga sassan duniya, su miƙe a gan su. A dunƙule aka kira mu, kamar kashin tumatir. Muka miƙe, aka haske mu da fitila, muka ɗaga hannu, aka tafa, ma'aikaciyar ta yi mana alama daga gefe muka zauna. Duka-duka bai kai tsawon hamma ba. Anti ta ɗaga waya, matan suka nuna wa Inna ƙeyar ɗanta da hularsa. Wata mata ta rangaɗa guɗa, Inna ta tsawata mata, ta ce ta bari sai an faɗi suna.

Na saci kallon Ciyaman. Gumi ne a goshinsa cikin wannan sanyi. Ya karkato ya ce mini ƙasa-ƙasa ai laifinsa ne, sun ga bai motsa ba, makaɗi ba ya buɗe baki ga wanda ya zauna ya naɗe hannu. Na ce masa don Allah ya rufa mana asiri. Bai ko kalle ni ba. Sanƙira ya sanar cewa wannan ne kiɗa na ƙarshe. Ciyaman ya cusa hannu a aljihu ya miƙe. Anti ta miƙo hannu ta kama gefen rigarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ya fizge.

Ya ratsa tsakiyar zaure yana saɓa hannun riga a kafaɗa, shadda tana ƙara. Masu tsaron ƙofa suka kalli ma'aikaciyar, ita ta kalli takardar tsarin da ke hannunta, kafin su gama kallon juna ya hau dandamali. A lokacin wani matashi mai begila ne a tsaye, ya rufe ido ya kumbura kumatu yana ta jan wata doguwar busa. Ciyaman ya tsaya a gabansa, ya zaro takarda ɗaya ya manna masa a goshi. Bawan Allah ya buɗe ido ya ga ƙaton mutum cikin tulin yadi yana taɓa masa fuska, busar ta karye ta yi wani irin ƙugi. Kuɗin roba kuwa ina zai zauna a goshi, ya sulale ya faɗi. Ciyaman ya manna wani, ya sulale. Ya manna wani. Mai begila yana ja da baya, shi yana binsa, har ya kusa ture masa takardar busa. Da ya ga haka sai ya koma watsawa, ya bi layin masu ƙaho yana zuba musu a ka, suna karkacewa suna ƙoƙarin kada su ɓata layi. Ya ƙare a gaban dattijon, ya zube masa sauran a ƙafa, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama yana jinjina, yana jira.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Matan ƙungiya suka ja gyale suka rufe fuska. A kunnena kuwa tsakar gidan Inna ta kaure da murna, ana cewa ga shi nan, ya fito, yanzu za a yi. Na ji Inna tana cewa su yi shiru, su yi shiru mana ta ji.

Wani a kujerun gaba ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Wayoyi suka tashi sama. Attajirin da ke barci ya farka yana tambayar me ya faru, aka nuna masa, ya hau tafi. Sun ɗauka cikin shiri ne, an kawo musu ɗan wasan gargajiya don a ƙara wa taro armashi. Dattijon ya rusuna wa Ciyaman yana murmushi, mai ganguna ya yi masa wani ɗan kirɓi, masu ƙaho suka haɗu suka rufe kiɗan da ƙara mai ƙarfi. Ciyaman yana nan tsaye, hannu a sama. Sanƙira ya fito da sauri riƙe da makirfo, na ga Ciyaman ya gyara tsayuwa ya ɗaga haɓa. Sanƙira ya dafa masa kafaɗa, ya ce a tafa wa abokinmu daga Afirka.

Aka tafa sosai, har da masu miƙewa.

"Me ya ce?" in ji Inna.

Anti ta matso da wayar bakinta. "Sun ce sun gode, Inna."

"Sunan fa?"

"Tukuna."

Ta faɗi haka ne ana kunna fitilu, makaɗa suna zuba ƙahoninsu a akwati.

A farfajiyar zaure aka shirya shayi da 'yan ƙananan kayan ƙwalama masu launi-launi. Nan na ga abin da ya fi ba ni haushi a ranar. Attajiran nan da aka hana mu yi wa magana su ne suka yi layi suna son hoto da Ciyaman. Matansu suna shafa aikin wuyan rigarsa suna tambayar ko da hannu aka yi. Wani ya buga masa baya ya ce shi ne ya fi komai daɗi a taron, baɗi ma a sake kawo shi. Babu ko ɗaya da ya tambayi sunansa. Shi kuma gogan, wanda ya sauko daga dandamali kansa a ƙasa, sai ga shi ya fara kumbura kuma, yana gyara hula, yana wangale baki a gaban kyamara. Kai, mutum dai ba ya jin magana.

Mu muna rakuɓe a jikin bango, ni da Anti, wayar tana hannunta ba ta kashe ba. Ta cire abin ji, don haka muryoyin gida suna fita a fili. Matan sun rage hayaniya. Ina jin ƙarar ludayi a ƙwarya, wata tana cewa ita za ta je ta ɗora girki, rana ta yi. Inna tana ce mata ta ɗan ƙara jira, ai ba a tashi ba.

Da Ciyaman ya gama da masu hoto ya zo ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da fuska yadda za a ga rigar da jama'ar da ke bayansa. Ya gaida Inna da murya sama. Ya shiga yi mata bayani, wai a ƙasar nan ba da baki ake ambato ba, a cikin busar ake sakawa, wanda ya san kiɗan ya ji an faɗa. Wai ba ta ga yadda manya suka miƙe masa ba? Wai sarkin kiɗan da kansa ya rusuna masa. Inna tana cewa to, to, madalla. Har na fara tunanin watakila ya sha, tsohuwa za ta samu abin da za ta riƙe a gaban matan nan ko da rabi ne.

Sai ga ma'aikaciyar mai shuɗin ɗankwali ta nufo mu da murmushinta. A hannunta kuɗin Ciyaman ne, an tsince su tas daga kan dandamali, an jera, an ɗaure da roba. Ta tsaya a gabansa, daidai inda wayar take kallo, ta ɗan rusuna, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi. Ta ce makaɗan sun gode ƙwarai, amma ba sa karɓa, an riga an biya su. Ita a ganinta gaskiya ta yi da riƙon amana. Ba ta san cewa a wurinmu ko maroƙin da ya fi kowa yunwa ba ya mayar wa mutum da kyautarsa sai in yana so duniya ta san bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Ciyaman ya tsaya da waya a hannu ɗaya, ya rasa yadda zai yi da ɗayan. Matar ta ƙara matso da kuɗin. Ya karɓa.

Idon Inna ba ya gani sosai, ta tambaya mene ne aka ba shi, ko lambar yabo ce. Wata daga cikin matan, wadda ta kafa fuska a jikin wayar, ita ta amsa mata, kuma ba ta rage murya ba.

"La! Inna, kuɗinsa ne suka dawo masa da su."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Na ji ana kaɗe zani, ana neman takalma, ana cewa sai anjima, Allah ya huta gajiya. Inna tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ta gode, a gaida gida. Ciyaman ya cusa kuɗin a aljihu. Anti ta zare wayar daga hannunsa a hankali.

Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi Anti ko ya ci abinci. Anti ta ce ya ci, alhali tun safe ko ruwa bai sha ba don kada ya ɓata riga.

"To, madalla," in ji Inna. "Kashe, 'yar nan. Kada mu ƙone wa mutane kati a banza."